Barka da Sabuwar Waya

Na ga saƙonninku duka. Masu cewa na yi ɓatan dabo, da masu tambaya ko an sha biki ne ban gayyace su ba. Ba a sha komai ba, 'yan'uwa. Gajiya ce ta danne ni, irin wadda barci ba ya maganinta. Yau dai na ce bari in zauna in rubuta, tunda rubutu ba ya buƙatar murya, ni kuwa a 'yan kwanakin nan ba abin da na ƙi ji kamar muryata.

Ga waɗanda yau suka fara bina: a wani ƙaramin asibiti nake aiki, ni ce mai kiran layi. Ina zaune bayan gilashi da lasifika a gabana, daga safe har la'asar, wane ka shiga wurin likita, wance ki wuce gwajin jini. Tun ina ƙarama Gwaggo, yayar marigayi Babana, ta raɗa min suna Rediyo, wai ko kuka nake yi sai ka ce labarai ake karantawa. Ba ni da hasken autarmu, ba ni da tsayin Umma. Murya ce kawai rabona, kuma ban taɓa raina ta ba.

Autarmu ta yi aure har ta yaye na fari, ni ina nan. Umma ba ta yi min faɗa, ta fi ƙarfin wannan. Sai dai ina guga ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi ajiyar zuciyar da za ta iya kashe fitila, ta ce, "Rigar nan ta yi kyau. Da a ɗakinki za ki sa ta." Sai ta wuce abinta, ta bar ni da dutsen guga a hannu.

Ana haka wani saurayi ya ɓullo. Gwajin jini ya zo. Na kira sunansa, maimakon ya wuce sai ya zo ya tsaya gaban gilashi ya ce in sake kira, bai ji ba. Na sake. Ya ce har yanzu bai ji ba. Na ce to wurin likitan kunne ya kamata ya je, ya yi dariya, ni ma Allah ya sa ban gimtse tawa ba. Farar riga a goge, takalmi ba ko ɗigon ƙura, waya a kowane aljihu. Ya ce a kamfanin waya yake, shi ke zagaya shagunan kasuwa yana duba harkokinsu. Ranar da ya fara zuwa gida Umma ta sa masa Ɗan Kamfani, ta kuma fito da kofunan da ba a taɓawa sai baƙo na musamman.

Gwaggo ce ta rage. Ita ke tsaye a madadin Baba, kuma ita ba a yi mata burga. Ɗinki take yi, tana da shago a layin teloli, mace ce da ko allura za ta saya sai ta gwada ta a bakin zaninta. Ta zaunar da shi ta yi masa tambayoyi kamar mai neman aiki, har gumi ya feso masa. Da ya tafi ta taɓe baki ta ce, "Ba laifi." A wurin Gwaggo wannan lambar yabo ce.

To shi ba ya son saƙon rubutu. In na rubuta masa, sai ya amsa da: "Gimbiya, idona ya gaji. Ki faɗa da baki." Kullum da yamma in na dawo, in kwanta rigingine a ɗaki ƙarƙashin fankarmu mai ƙara ƙiii a kowane zagaye, in yi ta tura masa murya. Wani yammaci ya rubuto cewa kamfaninsu na neman muryar da za ta riƙa tarbar masu kira, in gwada mana, ya kai wa ogansa. Ya turo kalmomin, na karanta:

"Barka da sabuwar waya. Daga sashen inshora na shagon da kuka sayi wayarku muke kira. Don Allah kada ku kashe, yanzu ma'aikacinmu zai yi magana da ku."

Ya ce in sake, in sassauta. Na sake. Ya ce in sa murmushi a ciki. Na sake, a ƙarshe dariya ta kuɓuce min kaɗan. Ya ce wannan ta yi. Bayan kwana biyu na tambaye shi, ya ce ai ba su ɗauka ba, wai muryar ta cika daɗi, masu kira za su ƙi kashe waya. Na ji daɗin zolayar, na manta da zancen.

Ranar Asabar da hantsi ina wanke kayan aikina a tsakar gida, sai ga sallamar Gwaggo. Ta sha mayafinta mai ruwan toka na zuwa unguwa, jakarta a hammata. Ko zama ba ta gama yi ba ta ciro wani abu naɗe cikin ƙyallen yadi ta warware. Sabuwar wayarta ce, wadda ta saya watan jiya bayan tsohuwar mai maɓalli ta gaji da ɗaurin roba. Fuskar ta tsage kamar gizo-gizo ya yi saƙa.

"Daga kan keken ɗinki ta zame," in ji ta. "Amma ban damu ba. Rediyo, sai ki gaya wa mutanenku su ba ni wata."

Na ɗago da kumfa a hannu. "Mutanenmu na asibiti, Gwaggo?"

"Ke, raba ni da iya shege. Na inshora. Kin samu aiki na biyu kin ɓoye min, ko don kar in ce ki saya min zare?" Ta juya wurin Umma tana dariya. "Washegarin da na sayi wayar aka kira ni. Kin san ni, baƙuwar lamba ba ta minti a kunnena. Har na kai yatsa zan kashe, sai na ji 'yar nan. 'Barka da sabuwar waya.' Har da 'yar dariyarta a ƙarshe. Har da kukan fankarku! Na ce kai, Ɗan Kamfani ya yi wa 'yata hanya. Da namijin ya karɓa ya ce in biya na shekara, in ta faɗi ko aka sace a ba ni sabuwa, ko ciniki ban yi ba."

Gwaggo. Ko ciniki ba ta yi ba.

Umma ta washe baki. "Ka ji yaron kirki, bai ko faɗa ba." Ni kuwa na saki wankin. Na ɗauraye hannu na shiga ɗaki na rubuta masa: "Muryar da na yi maka kwanaki, an yi amfani da ita ne?" Nan take ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Can ya turo: "Wa ya gaya miki? Zan zo da yamma. Ki sa koren nan da nake so."

Kun san zuciya da son yaudarar kanta. Ina sa hijabi ina ce wa kaina ƙila sun ɗauka daga baya, ƙila so yake ya ba ni mamaki da albashi. Na ce wa Gwaggo mu je shagon da ta sayi wayar tukuna.

Shagon ɗan tsukuku ne a jerin masu waya, gilasai cike da kwalaye, caja na reto daga sama, kiɗa na tashi daga maƙwabta ta kowane ɓangare. Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu, yana manna wa wata waya gilashin kariya. Da yake in ana tare da Gwaggo ba a samun sararin magana, ban ko buɗe baki ba, kai kawai na rusunar. Ta ajiye wayar a kan kantar shagon ta ce ta zo karɓar sabuwa, ta biya inshora.

Bai ko ɗago ba. Ya gama murza gilashin da ɗan ƙyalle, sannan ya sauke numfashi irin na wanda ya faɗi magana ɗaya har ta gundure shi.

"Hajiya, ba mu da inshora. Ba mu taɓa yi ba. Ga shi can na rubuta na manna, ba mai karantawa."

"Daga shagonku aka ce ana kira."

"Haka suke cewa. Mutum ya sayi waya yau, gobe sun kira shi. Yadda suke samun lambobin, Allah masani, na sallami yara har na gaji. Kira lambar ki ji, a kashe take. Jiya wani saura kaɗan ya fasa min gilashi."

Gwaggo ta gyara tsayuwa, ta ɗan juyo gare ni da alfahari. "Malam, ka bincika dai. Ai wadda ke maganar ma ga..."

"Wadda ke maganar?" Ya katse ta, ya zaro wayarsa. "Wani ya naɗo min ita. Saurara ki ji ko ita ce."

Ya danna, ya ƙure ƙara. Muryata ta cika shagon.

Ban taɓa jin kaina haka ba. Mai taushi, mai ladabi, irin muryar da za ka ba ajiyar makullin gidanka. Ƙiii, in ji fankarmu. Sai 'yar dariyar. Mutum biyu da ke duba kwalaye suka juyo, ɗaya ya ce shi ma an kira matarsa.

"Ita ce dafin," in ji mai shago. "Namijin ba wanda zai saurare shi. Wannan ce ke sa mutane su saki jiki. Ji yadda take dariya, ta san abin da take yi. Sunana na shekara da shekaru ta zubar. Wallahi da zan gan ta, hukuma ce za ta raba mu." Sai idonsa ya sauka a kaina. "Ke 'yammata, ku ne masu ilimin zamani, ina kike aka damfari tsohuwa? Ba kya magana ne?"

Na sunkuyar da kai. Ko "a'a" na ce, na gama yawo.

Gwaggo ta daɗe tana kallon wayarsa. Sannan ta ɗauki tata, ta naɗe ta cikin ƙyallen a hankali, kusurwa bisa kusurwa, kamar yadda take naɗe ɗinkin mutane.

"'Yata ce," ta ce. "Mura ta shaƙe ta, ba ta iya magana. Mun gode, Malam."

Muka fito daga kasuwar. Tana gaba ina binta a baya kamar wadda aka kamo daga yawo. Sai da muka zo inuwar wani kanti inda ake jiran mota ta tsaya.

"Kin sani?"

"Wallahi Gwaggo ban sani ba. Ce min ya yi gwaji ne, kuma ba su ɗauka ba."

"Na yarda." Ta faɗa ba tare da ta dube ni ba. "Da kin sani ba za ki yi dariyar nan ba, na san dariyarki ta ƙarya. Amma ba tawa ce ke damuna ba, Rediyo. Ni na bi layinmu shago-shago ina cewa in an kira su su biya, gaskiya ce, 'yata ce a wurin. Mai saƙa ta biya. Mai yankan yadi ta biya, ta kuma sa ƙanwarta. Matar nan mai marayu da ke yi min kalmasa, ita ma ta biya. Ba inshora suka saya ba. Maganata suka saya, ni kuma taki na saya."

Na so ta mare ni. Da ya fi sauƙi.

"Magana zarar bunu ce," in ji ta. "Ta fita ta fita. Saura ki san yadda za ki yi da wadda ta rage a bakinki." Motarta ta zo, ta shiga, ba ta ce in gaida Umma ba.

A gida na zayyana wa Umma komai. Ta zauna a bakin gado, ta yi salati. Na ɗauka za ta ce kar ya sake tako mana gida. Da ta buɗe baki sai ta ce, "Wa ya sani bayan mu?"

"Umma!"

"Tambaya na yi. Ƙila shi ma cutarsa aka yi. Ki bari ki ji ta bakinsa, kar ki yi min gaggawa. Manyansa sun ce ƙarshen wata za su zo, na riga na gaya wa mutane." Muryarta ta karye. "Na gaji da amsa tambaya a kanki, 'yar nan. Ko'ina na shiga, ina labarin babbar? Ki rufa min asiri."

Ban ji haushinta ba, ku ma kar ku ji. Tausayi ta ba ni. Ta daɗe tana jiran wannan ƙarshen watan fiye da ni.

Bayan la'asar ya zo. Ban sa koren ba, da rigar wankina na fito. Yana zaune a falo, ƙamshinsa ya riga ya cika ko'ina, ga leda a gefensa. Umma ta kawo ruwa a kofin baƙi ta koma, amma na san tana bayan labule.

"Gimbiya, yau ba kwalliya?"

"Gwaggo kuka kira."

Ya dafe goshi. Abin da ya fara fita bakinsa shi ne, "Kash. Ban san lambarta ba ce." Wato ba abin da aka yi ne kuskuren ba, wadda aka yi wa ce.

Ya tura min ledar. Sabuwar waya ce a kwali, ta fi ta Gwaggo tsada. Ya ce in kai mata, kuma abin da ta biya zai mayar har da ƙari. Na ce mai saƙa fa? Mai marayu fa? Mai shagon da ake neman fasa wa gilashi fa?

"Ni ba ni na kar zomon ba, rataya aka ba ni," in ji shi. "Akwai na sama da ni. Lambobi kawai nake kawowa. Kuma don wa nake yi? Kujerun da kika nuna min a hoto, da me kike so in saya? Ɗan abin da ake karɓa bai kashe kowa ba. Bayan biki zan bari, na rantse."

"Ka cire muryata."

"Ba a hannuna take ba yanzu."

"To zan faɗa."

Ya yi murmushi, irin wanda ya yi min ranar farko a gaban gilashi. Ya matso, ya rage murya yadda labule ba zai ji ba.

"Ki faɗa wa wa? Ki yi tunani, Gimbiya. In magana ta fita, muryar wa ke ciki? Tawa? Ni ba inda na yi tari ma. Mutum nawa ke jin ki a lasifika kullum a asibitin nan? Shirunki shi ne rufin asirinki, ni kuma ina tare da ke. Ai mun zama ɗaya tun kafin a ɗaura."

Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ɗaga murya ya yi wa Umma sallama da ladabinsa na kullum. Ta amsa daga bayan labule, "A gaida gida, Allah ya yi albarka." Ledar ya bar ta a kan kujera.

Ashe kallon kitse muka yi wa rogo, har da Gwaggo mai gwada allura. Abin da ya fi ci min rai ba ƙaryar kamfanin ba ce. Tunanin ranar farko ne. Da ya ce in sake kiran sunansa, sona yake yi, ko gwada kaya yake yi?

Lahadi na wuni a ɗaki. Umma ta leƙo ta ce in ci abinci, ta leƙo ta ce in yi addu'a, ta leƙo ta ce kowane namiji da nasa, haƙuri ake yi. Shi kuma saƙo yake ta turowa: "Kin huce?" "Na yi kewar muryarki." Gwaggo ba ta kira ba, kuma shirunta ya fi duk surutunsu nauyi. Na kwanta ina kallon fanka, ina lissafin gobe Litinin, yadda zan zauna gaban lasifika in kira sunan wani, ina fargabar wa zai ɗago kai. Da jibi. Da gata. Da sauran rayuwata a gidan mutumin da ya riƙe ni ta maƙogwaro. Ni da ake kira Rediyo, a ce mura ta shaƙe ni har abada?

Ba jarumta ba ce, kar ku yabe ni. Gajiya ce ta kai maƙura. Na tashi zaune a daidai inda na zauna wancan yammacin, ban kashe fankar ba don ina so a ji ta. Na danna naɗar murya.

"Barka da sabuwar waya. Wannan muryar da kuke ji, ita ce wadda aka kira ku da ita. Tawa ce. Yaudarata aka yi aka naɗa, kuma babu wata inshora, babu ruwan mai shago. Duk wanda ya sake jin ta, don Allah ya kashe, kada ya biya ko sisi. Wanda ya riga ya biya, ya yafe min, ina nan zuwa da bakina."

Wannan karon ban sa murmushi ba. Ban kuma sake ba, sau ɗaya na yi. Na tura wa lambar maƙwabciyar Gwaggo, wadda take aron wayarta tun da tata ta fashe, na rubuta: "A ba Gwaggo. Ta tura wa duk wanda ta ga dama."

Da na ɗago, Umma na tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu. Ta ji komai. Ba ta yi ajiyar zuciya ba, karo na farko. Ta ajiye farantin a ƙasa, ta zauna kusa da shi, ta rufe fuska da gefen zaninta.

Ba a jima ba amsa ta shigo, murya ce gajeruwa, ana jin ƙarar keke a bayanta.

"Na ji, Rediyo. Na tura wa layinmu, na tura wa mai shago. Gobe in kin tashi aiki ki biyo ta nan, tare za mu je wurin hukuma. Ki zo da ledarsa, kar ki buɗe."

Ina cikin saurare a karo na biyu wayar ta fara ruri a hannuna. Sunansa ne, da 'yar zuciyar da na manna masa a gefe. Ta katse, ta sake ruri. Umma ta ɗago jajayen idanunta ta dube ni, ta dubi wayar.

"Ba za ki ɗauka ba?"

"A'a, Umma," na ce. "Ya ji muryata ta ƙarshe. Shi ma na tura masa."